Yadda Aka Raba Kiɗan Kawu

Na Allah ne mu, wurinsa kuma za mu koma. Kawuna, yayan mahaifiyata ciki ɗaya, ya rasu a gidansa na Samaru bayan 'yar gajeriyar jinya. Na zauna a tabarmar makoki tun ranar farko har aka shafa addu'ar uku aka watse, kuma abin da kunnena ya kwasa a zaman nan shi ya fara sa ni tunanin rubuta wannan. Abin da ya biyo baya shi ya zaunar da ni na rubuta.

Wani maƙwabcinsa ya yi gaisuwa, ya gyara zama ya ce, "Malam mutumin kirki ne. Sai dai abin nan nasa, Allah ya yafe masa." Na kusa da shi ya ce, "Amin. Ka ji yadda unguwa ta yi tsit kuwa?" Ya faɗe shi da muryar wanda aka cire wa ƙaya. Tsofaffin abokan aikinsa na gona, don malamin gona ne har ya yi ritaya, sun yabe shi a kan sanin ciwon masara, suka tsaya nan. Wani kuma, ana tsakiyar rabon goro, ya matso ya raɗa mini ko na san za a sayar da farantan solar da ke kan rufin. Mutumin da aka binne jiya. Na dube shi har ya tashi ya canza wuri.

Mutum ɗaya na ga ya yi hawaye a cikin maza. Amininsa ne, wani dattijo ɗan kudancin Kaduna da ya daɗe yana koyar da mawaƙa a wani coci a Sabon Gari. Ya zauna can gefe har aka gama fatiha, sannan ya kama hannuna ya ce, "Ɗana, yanzu wa zai kunna ɗakin nan?" A lokacin ina ganin amsar mai sauƙi ce.

Ni dillalin kayan lantarki ne na hannu a kasuwar PZ. Da talla a faranti na fara, batir da ƙwan tocila, har Allah ya ba ni shago. Ba ni da kunnen kiɗa kuma ba na ƙaryar ina da shi. Na san abin da ke sayuwa da abin da ba ya sayuwa. Abin Kawu ba ya sayuwa, na sha gaya masa a gabansa.

Ɗakin nasa tsohon rumbun ajiye taki ne a bayan gida. Bango guda ya cika shi da akwatuna da ya haɗa da hannunsa, wasu na katako, wasu na gwangwanin biskit, ɗaya ma a cikin tsohuwar akwatin ƙarfe ta 'yan makarantar kwana. Kowace akwati da aikinta. Wannan ta haifi sauti, waccan ta lanƙwasa shi, wata ta yanka shi gunduwa-gunduwa, wata ba ta yin komai sai raba wa sauran wuta daidai ƙarfinsu. Wayoyi masu launi sun sarƙe su kamar yaɗon kabewa. Dukkansu kuma suna komawa ga wata tsohuwar kwamfuta ta cinya da ya saya a wurina, wadda a cikinta yake ajiye duk abin da ya kaɗa. Ka zare akwati ɗaya, sauran sun zama bebaye.

Ranar da ya sayi kwamfutar nan bai bar shagona ba sai da ya share manhajar da ta zo da ita. Ya ɗora wata wadda ake bayarwa kyauta a intanet, wadda duk mai so zai iya buɗe cikinta ya ga yadda aka rubuta ta, ya gyara, ya miƙa wa na gaba. Na ce, "Kawu, ta mutane ka cire ka sa ta sadaka?" Ya ce, "Abin da ba ka da ikon buɗe cikinsa ba naka ba ne, aro aka ba ka." Wannan magana ya yi ta maimaita ta har na haddace, a kan rediyo, a kan waya, har a kan motocin zamani.

Yakan zo shagona da hantsi a kan tsohon babur ɗinsa, ko gaisuwar kirki ba ya tsayawa yi, ya wuce kwandon matattun rediyo. Ya tsuguna da babbar riga yana tono kamar kaza a juji. In ya ci karo da abin da yake so sai ya ɓata fuska don kada in gane. Na ce masa, "Kawu, wannan dabarar ni na fi ka saninta." Ya ce, "A gidanmu uwarka ta koya maka."

Ba zan ce kiɗan da daɗi ba don ya mutu. Wani lokaci kamar an kulle gyare a gwangwani. Wani lokaci kamar kwaɗin damina sun samu lasifika. Ba ya kuma jin kunyar ƙure murya da la'asar, lokacin da mutane suka dawo a gajiye. Maƙwabcin da ya ce unguwa ta yi tsit ba ƙarya ya yi ba, wurin faɗa ne bai sani ba. Matarsa, wadda nake kira Inna, ta fi kowa shan wahala. Ya taɓa kwance matakin keken ɗinkinta ya mai da shi abin taka sauti. Ina gidan ranar da ta gano.

Ta tsaya a ƙofar ɗakin ta ce, "Malam, ƙafar kekena fa?"

Ya ce, "Tana nan, ta samu ƙarin girma."

Ta ce, "To ta ɗinka maka rigar salla."

A wannan shekarar da tsohuwar riga ya je idi, bai kuma mayar da matakin ba. Haka yake. In ya ƙwallafa rai a kan abu, hakkin wani yakan shige masa duhu.

Faɗan da muka yi mai girma a kan ciniki ne. Wani mai situdiyo, da yake haɗa wa mawaƙan biki kiɗa, ya ji wani sautin Kawu a shagona, mai kama da kukuma amma ba ita ba. Ya ce yana so, zai saya, da sharaɗin ya zama nasa shi kaɗai. Na ɗauko shi har Samaru ina murna yau tsoho zai ga amfanin haukarsa. Kawu ya saurare shi, ya ɗauko takarda ya zana masa yadda ake haɗa akwatin tun daga farko har ƙarshe, ya miƙa masa.

Ya ce, "Ga shi, kyauta. Amma gobe wani ya zo zan ba shi. Ai yana ma intanet tun bara, ni na sa."

Mutumin ya ninke takardar ya yi sallama. Na ce, "Kawu, kasuwa ta zo har ɗakinka ka kore ta." Ya ce, "Yadda ake yin abin nan mutanen da ban taɓa gani ba suka koya mini, ba su karɓi ko sisi ba. In ɗauki ruwan rijiyar gari in sa a leda in sayar?" Na ce ai masu sayar da ruwan leda sun fi shi gida mai kyau. Ya ce in fita. Na fita, muka daɗe ba ma ga maciji. Shi ya fara saukowa. Wata rana sai na gan shi tsugune a kwandon rediyo kamar ba abin da ya faru, yana ce mini kayana sun lalace, matattun ma ba su da inganci.

Alherinsa kuma ba ya zuwa da sanarwa. Lokacin da fiyanon cocin amininsa ya ƙone ana gab da Kirsimeti, ya kwashe mako yana zuwa Sabon Gari da ƙarfen narka dalma har ya tashe shi. Da wasu suka yi masa tsegumi, ya ce shi waya ya je gyarawa, waya kuwa ba ta da addini.

Amma alherin da ya shafe ni shi ne na mahaifiyata. Da ciwonta ya yi nauyi, gidansa aka kai ta jinya don ya fi kusa da asibiti. Ta daina cin abinci, ta daina hira. Sai ya riƙa zama a bakin gadonta yana tsokanarta, wai tun suna yara ba ta iya waƙar niƙa ba, muryarta ke korar kaji daga bakin dutsen niƙa. Ta ce ƙarya yake. Ya ce to ta yi a ji. Don haushi ta tashi zaune ta rera, irin waƙar da 'yan matan ƙauyensu ke yi a kan dutsen niƙa, ta kai ƙarshe ba ta manta ko baiti ba. Ashe ya ajiye makirfo a ƙarƙashin hularsa a kan tabarma. Ranar ta sha kunu.

Bayan rasuwarta da kusan shekara ya kira ni Samaru da rana tsaka. Ya zaunar da ni a kan buhu, ya murɗa nan ya murɗa can. Wani sauti ya taso a hankali, mai gurzawa yana dawowa kamar dutse a kan dutse, sai ga muryar uwata ta hau kai. Har tarin da ta yi a tsakiya yana nan, har dariyarta ta ƙarshe da ta ce masa, "Ka ji ko, maƙaryaci." Ba mu da wani faifai nata. Ba mai son waya ba ce, hoto ma da faɗa ake ɗaukarta. Na zauna a buhun nan na kasa tashi.

Na ce ya zuba mini a filas, ɗan abin nan da ake kwafar kaya daga kwamfuta. Ya ce, "Ba a kwasar tuwo sai ya sulala. Ban gama ba." Na ce muryar kawai nake so, ya riƙe kiɗansa. Ya ce ƙanwarsa ba za ta fita tsirara ba. Na roƙa na sake roƙa, shekara da shekaru. Mutumin da ya ba duniya zanen akwatunansa kyauta ya hana ni muryar uwata, don kullum akwai wurin da yake ganin bai yi daidai ba. In na matsa sai ya ce in zo in ji, ƙofa a buɗe take. Nakan je. Wannan taurin kan nasa ina cikin waɗanda har yau ba su gama haɗiye shi ba.

Ranar da ya rasu, tun kafin a dawo daga maƙabarta, babban ɗansa ya sa kwaɗo a ɗakin. Wannan daidai ne, haka ake yi, kayan mamaci na magada ne, ba a taɓawa sai an raba. Ni kuwa ɗan mace ne, ba ni da ko allura a gadon. Babban ɗan nan taubashina ne, tare muka tashi muna zagin juna, don haka bayan addu'ar bakwai na same shi kai tsaye.

Na ce, "Ka buɗe mini ɗakin nan, kana tsaye. Muryar goggonka zan kwafa, ba zan ɗau ko ƙusa ba."

Ya yi murmushi ya ce, "Bawana, kai da ko gaisuwa ba ka yi kyauta? Me ke cikin kwamfutar?"

Na ce, "Abin da na gaya maka."

Ya ce, "To in shi ne ba zai gudu ba. A bari a yi rabo."

Aka kira malamin rabon gado bayan arba'in. Gida da gona ba su ba da wahala ba. Da aka zo ɗakin, su da kansu suka ce a kira ni in yi wa kayan ƙima, tunda sana'ata ce. Na faɗi gaskiya. Na ce a haɗe abin kiɗa ne guda ɗaya, a rabe kuwa gwangwani ne da waya, ko 'yan jari-bola sai sun yi yanga kafin su ɗauka. Malamin ya gyaɗa kai ya ce shari'a ta san irin wannan. Abin da rabo zai lalata shi ba a yanka shi, ɗaya ya ɗauka ya biya sauran, ko a sayar gaba ɗaya a raba kuɗin. Ya tambaya wa zai ɗauka. Ba wanda ya motsa. Sai na ce ni zan saya, duk yadda suka yanke.

Nan ɗakin ya canza. Na ga 'yar Kawu ta dubi mijinta, mijin ya dubi babban ɗan. Gaskiya na faɗa, amma daga bakin dillali ta fito. A lissafinsu, in mutumin PZ ya ce abu ba shi da daraja sannan ya ce zai saya, to zinariya ce a ciki.

Babban ɗan ya ce, "Allah gafarta Malam, a raba kawai. Kowa ya ɗau nasa ya san yadda zai yi da shi."

Inna tana cikin takaba, ba ta fito ba, amma ta aiko daga ɗaki cewa kada a taɓa kayan nan, a bar su yadda mai su ya bar su, ta yafe nata kason in hakan zai sa a bari. Matar da aka kwance wa keken ɗinki ke nan. Babban ɗan ya ce, "Inna zafin rashi ne ke damunta." Malamin ya sake yi musu nasiha, suka nace, ya ce dukiyarsu ce.

Ina tsaye aka yi. Suka riƙa fizge wayoyin ba tare da an duba wacce ta shiga ina ba, aka dunƙule su wuri ɗaya. Aka fito da akwatunan tsakar gida aka kasa su kashi-kashi kamar tumatir, ana gwada nauyi da hannu, a haɗa babba da ƙarama don kada wani ya ce an cuce shi. Har gardama aka yi a kan akwatin ƙarfen nan ta 'yan makaranta, don ta fi nauyi. Aka jefa ƙuri'a. Kwamfutar ta faɗa wa autan Kawu, wanda ya gama jami'a yana jiran aiki.

Na tare shi a zaure na faɗa masa abin da na faɗa wa yayansa, cewa muryar goggonsa na ciki. Na ce ya zo shago ya zaɓi wadda ta fi ta, mu yi musaya, ko ya ara mini ita na wuni ɗaya. Ya rungume ta a ƙirji ya ce, "Yaya, zan duba tukuna." Da na ga yadda ya rungume ta na san tayin nan ƙara ɓata lamarin ya yi.

Sauran labarin ya riƙa iske ni a shago. Babban ɗan ya jona akwatunansa kai tsaye da wutar NEPA, don mai raba wutar ta faɗa kason 'yar'uwarsa. Suka yi hayaƙi. Ya kwaso su a buhu ya kawo mini, yana cewa in duba ko akwai abin tsira.

Na ce, "Ina zinariyar?"

Ya ce, "Kai dai bawa ba ya rabuwa da baƙar magana."

Wayoyin kuwa mijin 'yar ya ƙona robar ya sayar da jan ƙarfen a kan sikeli. Akwatunanta na gani da idona a gidanta na Muchia, ɗaya an zuba albasa, ɗaya kaza na kwanci a ciki. Duk wannan ya tayar mini da zuciya, amma na daure. Na ce akwati katako ce da dalma, kuma zanensu na intanet. Kwamfutar dai ita ce damuwata.

Na yi ta kiran autan, yau ya ce yana Kaduna, gobe ya ce ba caji. Sai ga shi wata rana da kansa, da hantsi, da ita a jaka, fuska a sake. Ya gaishe ni ya ɗora ta a kan kantar shago.

Ya ce, "Yaya, caja nake nema, ta Baba ta tsufa. Na san ba za ka karɓi kuɗina ba."

Na buɗe ta na kunna. Fuskar da ta fito ba ta Kawu ba ce. Manhajar kowa da kowa ce, da hoton wata ƙungiyar ƙwallo.

Na ce, "Me ka yi mata?"

Ya ce, "Na sa an wanke ta. Abin da Baba ya sa a ciki ba mai gane shi, ko takardar neman aiki ban iya bugawa ba. Nan bayanku aka yi mini, har finafinai ya cika mini."

Na ce, "Kayan da ke ciki fa?"

Ya ce, "Wallahi sai da na duba ko'ina, lungu-lungu. Ba komai. Ƙara ce kawai, sai wata tsohuwa tana waƙa."

Na ce, "Tsohuwar nan ita na gaya muku."

Ya sosa ƙeya. Can ya ce, "Ai na ɗauka hanyar ciniki ce irin taku."

Goggonsa ce. Ta goya shi, ta yi masa wanka yana jariri da uwarsa ta kwanta ciwo. Ya ji muryarta har ƙarshe bai gane ta ba, don ba murya ya shiga nema ba.

A ranar ya bar mini kwamfutar ba gardama, tunda yanzu ya tabbata ba komai a ciki. Na kai wa wanda ya fi kowa iya tono abin da aka goge a layinmu, na kai Kaduna. Duk amsa ɗaya suka ba ni: da gogewa kawai aka yi da an samu, amma an zuba sabon kaya a kai har ya cika. Finafinan sun kwanta a inda take.

Na mayar masa da ita. Na ba shi cajar kuma, don ɗan Kawu ne, kuma yana neman aiki.

Inna ta fita takaba. Ta tambaye ni ko na samu kwafar waƙar, don ita ma takan tsaya a bayan ƙofa ta ji in ya kunna. Na gaya mata gaskiya. Sai ta ce in je in ci abinci.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa taurin kansa da hakkin maƙwabta, ya sa alherinsa ya rinjayi sauran. Allah ya jiƙan ƙanwarsa, ya haɗa su a inda ba a raba komai. Ina iya tuna baitocin farko na waƙar, kuma na gwada rera wa 'ya'yana. Sun saurara don ladabi. Muryar tawa ce, ba tata ba.